Kallon tsuntsaye a kwale-kwale a tafkin Maga

Duk wanda ke Marwa, a arewacin Kamaru, kuma yake son ganin tsuntsayen ruwa da idonsa, ya nemi masu kwale-kwalen Maga. Wanda ya ɗauke mu wani dattijon masunci ne ɗan ƙabilar Musgum, kuma ya cancanci yabo. Ba shi da littafin tsuntsaye, ba shi da madubin hangen nesa, amma da kuka kaɗai yake gane tsuntsu tun kafin ya bayyana. Ya fi sakewa da Fulatanci, sai dai Hausarsa ta isa ciniki da hira.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne yadda yake tuƙi. Muna dosar ciyayin bakin ruwa sai ya kashe inji, ya ɗauki filafili, muka riƙa silalewa a hankali. Kirinjijiya jingim suna ta fito, dinya na kiwo a gefe, ga gauraka biyu tsaye a gaɓa da tukkunsu ruwan zinariya. Na ce, "Baba, matsa mana kusa mana." Ya ce, "A'a ɗana, in na kore su yau, gobe me zan nuna wa baƙo?" Har muka wuce ko ɗaya bai tashi ba.

Ya kuma san labarin ruwan da yake ci a kai. A 1979 aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafar kamfanin SEMRY. Mu muna ganin tafki muna murna, alhali ruwan da aka tare shi ne wanda a da yake malala fadamun kogin Logone har ya kai gandun dajin Waza. Da ambaliyar ta ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da tsuntsaye duk suka ji a jikinsu. Sai a 1994 wani shiri na IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, ya buɗe wata hanyar ruwa, wani sashe na fadamar ya farfaɗo, a 2006 kuma aka sa yankin cikin dausayoyin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Shekarun ni na sani, amma inda ruwa yake kaiwa a da, shi ya nuna min da hannu.

Inda ban ji daɗi ba, kuma da gaske nake: babu rigar ceto ko ɗaya a jirgin, ga dorina a tafkin, ga yaronsa yana ta kwashe ruwa da ƙwarya. Da yara ba zan shiga haka ba. Farashi ma ba tsayayye ba ne, a gama ciniki tun a tudu.

A je da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da agwagin da ke ƙaura daga Turai suke nan, a kuma shiga ruwa bayan sallar asuba kafin iska ta taso. Kafin a bar Marwa a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki.