Wardin baƙar leda na masu fulawa a Jos: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda damina za ta tuɓe

Masu fulawa na bakin titi a Jos sun san abin da ke tsayar da mota. A sahun gaba suke jera wardi mai babban fure, ja jawur, an yayyafa masa ruwa yana ƙyalli, su tura ƙananan masu fure cunkus can baya kusa da tankin ruwa. Mai saye kan nuna na gaban, ya biya, a saka masa a but. Daga nan ne yawancin asarar take farawa, domin fure ba ya gaya maka komai game da lafiyar tsiron. Labarin yana gindi da saiwa, cikin ledar da ba a cika ɗagawa a duba ba.

Sai an fara da faɗin alherinsu. Wardin da aka rena a Jos ya fi wanda ake samu a yawancin garuruwan Arewa ƙarfi, kuma dalilin a fili yake: garin yana kan tudu da ya haura mita 1,200, dare yana da sanyi, zafin rana ba ya ƙona toho kamar yadda yake yi a Kano ko Sakkwato. Tsiron da ya tashi a nan ya riga ya saba da ƙasar wurin da iskarsa, ya sha ruwan Agusta da hunturun Janairu. Waɗannan masu reno kuma sun iya yanka reshe ya kama, wasu sun iya aure kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. Matsalarsu biyu ce, kuma kusan duk sun yi tarayya a cikinsu: ba sa saka suna a jikin tsiro, kuma ƙasar da suke cika leda da ita ba ta da tabbas.

Rashin suna ba ƙaramin abu ba ne. In ka tambaya, amsar ita ce "ja ne", "fari ne", "wannan na waje ne". Amma wardi iri-iri ne, halinsu ya sha bamban. Akwai mai fure ɗaya tal a kan dogon reshe, irin na shagon furanni, wanda yake son taki da feshi kamar gonar tumatir. Akwai kuma mai yin kurmi, mai rassa da yawa daga ƙasa, wanda furanninsa ke fitowa biyar ko goma a tsinke ɗaya. Na biyun nan shi ne na tsakar gida. Misalinsa da aka sani a duniya shi ne farin nan Iceberg, wanda gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958, da Knock Out da ya fito a Amurka a 2000, wanda aka san shi da juriyar cutar ganye ko da yake ƙanshinsa kaɗan ne. Tun da ba za ka ga suna ba, ido ne zai yi aiki: ka nemi mai rassa uku ko fiye da suka tashi daga gindi, mai ganye duhu mai sheƙi tun daga ƙasa har sama, mai ƙullin fure da yawa a tsinke ɗaya. A yi hattara kuma da wanda wasu ke miƙo wa mai saye da sunan wardin sahara. Shukar kariya ce, mai kumburarren gindi, ba dangin wardi ba ce, kuma ruwan jikinta guba ne ga yara da dabbobi.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa mai fulawa ita ce: "Malam, wannan aure ne ko yanka?" Mai aure za ka ga ƙulli a gindinsa, inda aka ɗora irin da ake so a kan saiwar wani wardi mai taurin rai. Ya fi tsada, yakan yi saurin girma a shekarar farko. Aibinsa shi ne saiwar da aka ɗora a kai tana fitar da nata toho daga ƙasan ƙullin, dogo, mai ƙananan ganye masu haske, sau da yawa bakwai a jere maimakon biyar. In aka bar shi, sai ya shanye ƙarfin tsiron, bayan shekara mai gida ya ga dogayen rassa masu ƙaya babu fure, ya ce an cuce shi. Ba a yanke irin wannan toho a saman ƙasa, don zai dawo biyu. Tona ake yi har inda ya fito a fizge shi daga tushe. Na yanka kuwa a kan saiwarsa yake, duk abin da ya tofo nasa ne, ko akuya ta cinye shi har ƙasa zai dawo da furen da aka saya. Ga gidan da ba shi da mai kula da lambu, na yanka mai kurmi shi muke ba da shawara.

Yanzu a ɗaga ledar. Ka riƙe tsiron a gindi ka ɗan ja shi a hankali. In ya taho ba turjiya, reshe ne da aka soka makon jiya ko wanda aka tumɓuke daga ƙasa aka dasa a leda don kasuwa, bai yi saiwa ba tukuna. Ka duba ramukan ƙasan ledar: fararen saiwoyi sirara suna leƙowa alama ce mai kyau. In kuwa saiwa mai kauri ta huda leda ta shiga ƙasa, sai an ji ƙarar tsinkewa kafin a ɗaga, to washegari za ka same shi ya langaɓe, sai an rage masa rassa an ajiye a inuwa mako guda kafin ya farfaɗo. Duk wanda ke da kumburi mai kaushi kamar ƙari a gindi, wanda ba ƙullin aure ba, a bar shi a wurin, ciwo ne da ba ya warkewa kuma yana zama a cikin ƙasa. Haka ma wanda saiwoyinsa ke da ƙananan ƙulle-ƙulle kamar carbi: tsutsar saiwa ce, wadda takan zo da ƙasar da aka ɗebo daga tsohuwar gonar tumatir. Mai fulawa na kirki ba ya jin haushi in ka nemi ya farke leda ɗaya ka gani.

Ƙasar cikin ledar sau da yawa jar laka ce mai daskarewa kamar bulo idan ta bushe, ko kuma yashi da ɗanyen garin katako. Ta isa ta riƙe tsiro wata biyu ko uku, ba ta isa zama ba. Don haka kada a bar wardi a ledarsa ana ta ba shi ruwa ana jiran "a gama gini". A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin 45, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, an fi son ta safe. A gauraya ƙasar saman ramin kashi biyu da ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya. Kashin kaji yana da araha a Jos saboda yawan gidajen kaji, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa nan take, sai ya kwana a tsibi wata biyu zuwa uku, ya daina zafi da wari, kuma rabin adadin na shanu ya isa. Ɗanyen taki da busassun itatuwa a rami su ne ke gayyato gara. A yanke ledar da reza, kada a zare tsiron ta sama. Ƙullin aure ya tsaya kamar yatsa biyu a saman ƙasa. Tsakanin tsiro da tsiro santimita 75 zuwa 90, ko da wurin zai yi kama da fili a farko, domin iska tana buƙatar hanya. A zuba ruwa bokiti guda, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan acca a kewaye, ba tare da ya taɓa gindin ba.

Lokaci biyu ne suka dace da dashe a Jos: Mayu, bayan ruwa ya zauna, ko ƙarshen Oktoba ga wanda ke da rijiya ko burtsatse. Yuli da Agusta ba lokacin sayen wardi ba ne, duk da cewa a lokacin ne ba ya buƙatar ban-ruwa.

Dalilin shi ne baƙin tabo, babban abokin gaban wardi a kan tudun nan. Ruwan Jos yakan kai milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa a tsakiyar damina, ga yayyafi da hazo da ke barin ganye a jiƙe tun dare har hantsi. Ƙwayar cutar tana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe kamar awa bakwai ta kama. Tana farawa daga ganyen ƙasa, inda ruwan sama ke fantsamo laka: tabo baƙi mai gefe kamar gashi, sai kewayensa ya yi rawaya, sai ganyen ya faɗi. Cikin mako uku babban wardin nan na sahun gaba yakan koma tsirara, sanduna da ƙaya kawai, yayin da mai kurmin da aka raina yake nan da yawancin ganyensa. Magani yana farawa da hannu: a tsinke ganyen da ya kamu, a share wanda ya zube a ƙone, kada a zuba a ramin taki. Ban-ruwa a gindi ake yi da safe, ba a wanke ganye da yamma. In za a yi feshi, mancozeb ɗin da manoman dankalin turawa ke amfani da shi yana aiki, kimanin giram biyu da rabi a lita ɗaya, duk kwana bakwai zuwa goma a tsakiyar damina, a bi abin da ke rubuce a jikin ledar maganin. Kariya yake yi wa ganye mai lafiya, ba ya goge tabon da ya riga ya fito. Kuma don Allah kada a ari tankin feshin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki. Ɗan abin da ya rage a tiyo ya isa ya sa sabon toho ya fito a murɗe kamar tsintsiya, wani lokacin tsiron ba ya komawa daidai.

Hunturu yana da nasa. Dare mai sanyi da rana mai bushewa suna kawo wata farar ƙura kamar toka a kan sabon ganye da ƙullin fure, ganyen ya nannaɗe. Cunkoso da yawan takin yuriya ne ke ƙara ta. Darɓa kuma takan taru a kan toho, ana wanke ta da ruwa mai ƙarfi ko a fesa ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu da yamma.

Askin rassa shi ne abin da masu fulawa ba sa bayyanawa, kuma shi ke sa wardi ya yi fure ko ya yi tsawo kawai. A nan wardi ba ya barcin sanyi kamar a Ingila, don haka mai shi ne ke zaɓa masa lokacin hutu. A ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a sa almakashin yankan reshe mai kaifi a cire matattun rassa, da siraran da ba su kai kaurin fensir ba, da masu gogar juna a tsakiya, a rage sauran da kashi ɗaya cikin uku. Kowane yanka a karkace, rabin santimita a saman idon da ke kallon waje. A zuba takin zamani 15-15-15 cikin kwalin ashana biyu a kewaye, taƙi guda nesa da gindi, a bi shi da ruwa. Bayan mako shida zuwa takwas za a sami fure mafi girma da launi na shekara, daidai lokacin bukukuwan Disamba. A rani kowane tsiro yana son ruwa lita goma sau biyu a mako, a jiƙa ƙasa sosai, ba ɗan yayyafin kullum ba. Furen da ya tsufa a yanke shi har zuwa ganyen farko mai ƙunshe da ƙananan ganye biyar.

Ga masu ɗaukar wardin Jos zuwa Abuja: zai rayu, amma ba zai yi abin da aka gani a bakin titi ba. Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba, zafin Maris yakan wuce digiri 35, fure ya ƙanƙance, ja ya koɗe, ya zube cikin kwana biyu. A dasa a Mayu ko Yuni, a gefen gabas na gida inda bango zai tare ranar la'asar, a ƙara kaurin ciyawar da aka shimfiɗa. A sabbin gidaje a kula da ɓaraguzan siminti da magina ke binnewa a tsakar gida: suna canza ƙasar har sabon ganye ya fito rawaya da korayen jijiyoyi, kuma ƙarin taki ba ya gyara shi, sai an kwashe ƙasar an sake wata. Yawan toka ma haka take yi. A hanya kuma a saka shi cikin mota a rufe, iskar bayan a-kori-kura tana busar da toho kafin a isa Akwanga.

Mai kurmi da aka jera a layi yakan haɗe ya zama shinge mai kai ƙugu cikin shekara biyu, sai dai ba ya tare akuya, cin sa take yi da ƙayarsa. Don furen sakawa a kwalba, a yanko da sassafe lokacin da ƙullin ya fara buɗe baki, a cire ganyen da zai nutse, a sake yanke gindin reshen a canza ruwa kullum. Masu son busar da furen don shayi, ko ruwan wardi, ko haɗin turare, su ware tsiro ɗaya mai ƙanshi da ba a taɓa yi masa feshi ba, su shanya a inuwa a kan faifai. Furen da ya zo da tsiron daga wurin mai fulawa kada a sa shi a baki, a jira zagaye na biyu da ya tofo a gida.