Fositiron a binciken ƙarafa ko fositiron a asibiti: wanne za ki bi a digiri na biyu?

Ƙanwata, na ga tambayarki a zauren nan. Kin gama digirin farko a fiziks, darasin fositiron ne ya fi shiga ranki, yanzu kuma kina tsaka mai wuya: ko ki bi binciken ƙarafa da sauran daskararrun abubuwa da fositiron, ko ki bi fiziks na asibiti inda ake ɗaukar hoton PET, wato hoton cikin jiki da ake haɗawa da taimakon fositiron. Kin ce an gaya miki duk abu ɗaya ne. Tushensu dai ɗaya ne, amma aikin da za ki riƙa wayar gari da shi ya sha bamban.

Inda suka haɗu kin riga kin sani. Fositiron nauyinsa ɗaya da elektiron, cajinsa ne kawai kishiya. Lissafin Paul Dirac na 1928 ne ya share fagen saninsa, Carl Anderson kuma ya gano shi a jami'ar Caltech ta Amurka a 1932. Idan ya gamu da elektiron, dukansu sai su ɓace, su bar hasken gamma guda biyu, kowanne mai ƙarfin 511 keV (keV ma'aunin ƙarfin irin wannan haske ne), ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Wannan hasken ne ɓangarorin biyu suke kamawa. Sai dai mai PET yana tambaya ne, a ina fositiron ɗin ya mutu? Mai binciken ƙarfe kuwa yana tambaya, tsawon wane lokaci ya rayu kafin ya mutu? Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali.

Bari in fara da na ƙarafa, don shi ne ba a cika yi wa ɗalibai bayaninsa ba. A ɗakin gwaji za ki tarar da ɗan ɗigon gishirin sodiyam-22 da aka busar, aka rufe tsakanin siraran ledar Kapton guda biyu; wannan ita ce majiyar da ke sakin fositiron. Za ki yanko samfurin ƙarfenki gida biyu iri ɗaya, ki sa majiyar a tsakiya, ki naɗe, ki ajiye tsakanin na'urorin kama haske biyu. Duk lokacin da sodiyam-22 ya saki fositiron, kusan nan take yake sakin gamma mai 1274 keV, shi ke tayar da agogo. Gamma mai 511 keV kuma shi ke tsayar da shi. Haka za a yi ta tarawa har a samu miliyan ɗaya ko fiye, abin da kan ci awoyi.

Me ake nema da wannan wahala? Fositiron cajinsa irin na cibiyar ƙwayar zarra ne, saboda haka cibiyoyin suna korarsa. Idan akwai gurbin da ƙwayar zarra ɗaya ta ɓace daga jerin 'yan uwanta, sai ya gangara can ya maƙale, kamar yadda ruwan sama ke neman kwari. A cikin gurbin elektiron ba su da yawa, don haka yakan daɗe kafin ya gamu da ajalinsa. A tsantsar baƙin ƙarfe marar aibi yana rayuwa kimanin fikosakan 110, fikosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan. Idan ya faɗa gurbin ƙwaya ɗaya, sai ya kai kimanin 175. Wannan 'yar tazarar ita ce labarin gaba ɗaya, kuma tana iya tona gurbi ko da ɗaya ne cikin ƙwayoyi miliyan, ba tare da an lalata samfurin ba. Ni har gobe abin yana burge ni, domin irin wannan gurbi yana wuyar gani ko da madubin elektiron mai ƙara girman abu ne.

A roba da dangoginta wani abu ne daban ke faruwa. Fositiron kan ɗauru da elektiron su zama fositironiyam, wanda Martin Deutsch ya gano a 1951. Nau'insa mai dogon rai yana kai nanosakan 142 (nanosakan ɗaya fikosakan dubu ne) a sararin da babu komai, amma a cikin ƙananan ramukan roba yakan ragu zuwa nanosakan ɗaya zuwa 'yan kaɗan, kuma daga wannan ake lissafa girman ramin. Da haka ake nazarin fatun tace ruwa da iskar gas. Da dabarar ake kuma bin yadda ƙarfen tukunyar nukiliya ke tsufa yana gautsi saboda ruwan niyutiron, da aibobin da ke cikin silikon da galiyam naitiraid na fitilun LED.

A PET, duk wannan ba ya cikin lissafin yau da kullum. Ana yi wa majiyyaci allurar FDG, wani nau'in sukari mai ɗauke da fulorin-18. Ƙwayoyin ciwon daji masu yawan cin sukari sai su tara shi, zoben na'urori da ke kewaye da jikin ya kama gamma biyun a lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, daga tarin layukan a haɗa hoto. 'Yar tafiyar da fositiron ke yi kafin ya mutu, a nan damuwa ce, tana dusashe hoton. Karatunki zai karkata ga lissafin haɗa hoto, auna yawan tururin da ke shiga jiki, kare ma'aikata, da tabbatar da ingancin na'ura. Aiki ne mai daraja, kina ganin amfaninsa a jikin mutum ranar da kika yi shi.

Wajen kayan aiki ma ba ɗaya ba ne. Fulorin-18 rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin kimanin minti 110, dole ne injin saikulotiron da ke samar da shi ya kasance kusa. Sodiyam-22 kuwa sai bayan shekara 2.6 yake rabewa, shi ya sa ƙaramin ɗaki a jami'a zai iya riƙe aikin. Amma in ana son binciken fatar abu ko siririn shafi, sai an samu kwararar fositiron mai tafiya a hankali, irin NEPOMUC a tukunyar nukiliya ta FRM II da ke Garching kusa da Munich, ko ta ELBE a Dresden-Rossendorf, duka a Jamus, ko ta Delft a Holan, ko ta KEK a Tsukuba ta Japan. Irin waɗannan wurare rubuta buƙata ake yi, a ba ki 'yan kwanaki. A gida, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta NIRR-1 tun 2004, wuri ne na koyon auna gamma da na'urar jamaniyam, kuma irin na'urar ce ake amfani da ita a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen fositiron. Ga fiziks na asibiti kuma, cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya tana da digiri na biyu da aka tsara don ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Maganar aiki bayan karatu, gaskiya asibiti ya fi buɗaɗɗiyar ƙofa, domin mai wannan ilimi ba a PET kaɗai zai tsaya ba, akwai sashen gashin ciwon daji da na sauran hotuna. Masu fositiron a ƙarafa 'yan tsiraru ne a duniya, hanyarsu mafi yawa digiri na uku ce da bincike, ko masana'antar da ke buƙatar wanda ya san aibobin kayayyaki.

Tunda kin ce fositiron ɗin kansa ne ya ja hankalinki, ni na ƙarafa zan ce ki bi, domin a can ne halinsa yake zama abin nazari. Amma kada ki amsa tayin sai kin tambayi malamin da zai duba aikinki: na'urar tana aiki yanzu? Majiyar sodiyam ɗin shekararta nawa? Wadda ta shekara takwas ta koma kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinta, awon yini ɗaya zai koma na mako. A Najeriya kuma sayo sabuwa sai da lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. In ya ce babu na'ura amma akwai haɗin gwiwa da wata jami'a a waje, ki nemi ki ji daga bakin ɗalibin da ya taɓa zuwa can ya yi awo, kafin ki biya kuɗin rajista.