Man goge haƙorin mage ya yi, burushin kuwa sai dai Allah ya isa

Wallahi ba don warin bakin kyanwata Gimbiya ya kai in ta yi hamma kusa da ni sai na kau da kai ba, me zai kai ni sayen man goge haƙori don mage? Maigida har dariya ya dinga yi min, wai yaran gidan ma da ƙyar suke wanke baki balle kyanwa. Na ɗaga leɓenta na ga haƙoran baya na sama sun yi wani ruwan ƙasa, dasashin ya yi ja ta gefe, shi ne na je wani shagon kayan dabbobi nan Unguwar Rimi na sayo man mai ɗanɗanon kaza haɗe da ɗan burushin roba na sawa a yatsa. Mai shagon ya ce Hajiya sati biyu kawai, dattin zai fita tas.

Ranar farko na naɗe ta da tawul na zura yatsa, kai jama'a, datsa ɗaya ta yi haƙorinta ya huda robar kamar leda, jini har kan zanina, sai da na je kemis aka wanke min. Burushin ƙato, bakin mage ɗan mitsitsi da haƙora 30 a cunkushe, ta ina zai shiga? Ni dai na kare na ga ya yi kama da shi.

Man kam ba ni da ta cewa. Lashe shi take kamar romo, kuma an yi shi ne don ta haɗiye, ba irin makilin ɗinmu ba da sinadarin fuloraid ɗinsa ke cutar da su. Na sayo ɗan ƙaramin burushi mai mariƙi, kullum bayan isha'i in goge ta waje kawai, cikin wata ɗaya warin ya ragu sosai har na fara yabon mai shagon.

Amma ruwan ƙasan nan ko gezau. Likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni, dauɗa mai laushi burushi ke cirewa, in aka bar ta kwana kaɗan sai ta daskare ta zama kamar dutse, daga nan sai an yi wa mage allurar barci an kankare da inji. Wato mai shagon nan ya sani ya karɓe min kuɗi da zancen sati biyu! Man zan sake saye amma ba a wurinsa ba, robar kuwa tana nan cikin durowa da hujinta, duk ran da na bi ta layin zan miƙa masa abarsa.