Vipassana ko Zazen: Wanne Ya Dace da Wa?

Masu sha'awar addinan Asiya sun sha tambayata wanne ya fi tsakanin waɗannan hanyoyi biyu na zaman natsuwa a addinin Budda.

Vipassana, a tsarin da malamin zaman natsuwa S.N. Goenka ya yaɗa daga Indiya, kwana 10 ake yi a killace. Ba waya, ba karatu, ba magana sai ranar ƙarshe. Ana tashi ƙarfe 4 na asuba. Kwanaki ukun farko kana bin shigar numfashi da fitarsa a bakin hanci, sannan ka koma lura da duk abin da jiki ke ji, daga ka har tafin ƙafa. Ba a karɓar ko kwabo, gudummawar tsofaffin ɗalibai ce ke ɗaukar nauyi. Amma aikin ba wasa ba ne. Shirun yakan tono damuwar da ta daɗe a kwance, don haka nake ganin mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa ya fara ganin likita.

Zazen kuwa, a tsarin da malamin addinin Budda Dogen ya yaɗa a Japan a ƙarni na 13, zama ne a kan matashi, fuska ga bango, ido rabi a buɗe, minti 30 zuwa 40. Gwiwa ce ke shan wuya. Amfaninsa a hankali yake zuwa, sai an lazimce shi kullum.

Wanda zai iya ajiye aiki da iyali kwana 10, kuma yana son umarni dalla-dalla, Vipassana ta fi masa. Mai ƙarancin lokaci amma mai naci, Zazen ya dace da shi.