Hattara da mai tallan tsofaffin bindigogin Kentaki a Facebook

Jama'a, musamman 'yan uwa mazauna Amurka da masu sha'awar tara kayan tarihi, akwai wani mutum da ke yawo da talla a zaurukan Facebook da WhatsApp, wai ya gaji dogayen bindigogin nan na Amurka da ake kira bindigar Kentaki, matsin rayuwa ya sa zai rabu da su da araha. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisin kwabo. Hotunan da yake fara nunawa daga gidajen gwanjo ya kwaso su. Da zarar ka biya kafin alƙalami, ko dai ya toshe ka, ko ya aiko maka da bindigar zamani da aka tsufar da ita ƙarfi da yaji.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da adon bindigar yake jan hankalin mutane, alhali adon nan gumin wasu bayin Allah ne. Duk da sunan Kentaki, asalinta jihar Pensilbaniya ne, inda maƙera 'yan asalin Jamus suka ƙera ta a ƙarni na 18, musamman a yankin Lankasta. Da ƙanƙarar dutse take kunna albarushi, bututunta mai kusurwa takwas yakan haura mita ɗaya. Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka, daga wajajen 1780 zuwa 1830, aikin ƙawata ta ya kai ƙololuwa. Mutum ɗaya ne da 'yan koyonsa ke yin aikin maƙeri, na masassaƙi da na maƙerin farfaru. Bindigar wannan zamani mai ɗauke da sunan gwani irin Jacob Dickert na Lankasta ko J. P. Beck na yankin Lebanon da ke Pensilbaniya, dubban daloli masu yawa take ci. To ta yaya za a ba ka ita a kuɗin wayar hannu?

Adon da yake taƙama da shi, shi ke tona masa asiri. A dubi ɗan akwatin tagulla da ke gefen dama na gindin bindigar, inda maharbi ke ajiye ƙyalle mai maiƙo na naɗe harsashi. A ta ainihi, da ɗan kurfi aka yanka zanen, layi yana farawa siriri, ya yi kauri a lanƙwasa, ya sake sirancewa, har ka ga inda hannu ya ɗan goce. Inda tafi ya shekara da shekaru yana gogawa, zanen ya kusa shafewa, amma can cikin lungu yana nan raɗau. Nasa kuwa zubi ne: zurfin layin ɗaya ne ko'ina, gefensa a dakushe, da 'yan ƙananan ramuka irin na narkakken ƙarfe. Haka tauraro da jinjirin wata na azurfa da ake dasawa a katako. Katako mai shekara 200 yana ɗan tsukewa, baƙin datti ya cike gefen azurfar, ba ka ga tsaga mai fari tas ba.

Katakon ma akwai magana. Mafi yawa icen mapul ne mai ratsi kamar jikin damisa, kuma ratsin halitta yana wasa da haske idan ka juya shi. Wanda aka shafa da buroshi a tsaye yake cak. Gaskiya ne masana'antar Henry Leman ta riƙa zana ratsi a bindigogin kasuwa a ƙarni na 19, amma shi wannan cewa yake tasa ta girmi Leman nesa ba kusa ba.

Italiya da Sifaniya suna ƙera kwaikwayon waɗannan bindigogi har gobe, kasuwanci ne halal, da hatiminsu a jikin bututu. Hatimin nan macuta ke gogewa da magagari, su zuba sinadari ƙarfe ya yi tsatsa, su kafta sunan wani tsohon gwani a saman bututun. Ku nemi hoton ƙarƙashin bututu da cikin makunnin. Yawancin na ainihi ma an cire musu ƙanƙara an mayar da su masu hular tartsatsi, wato ɗan murfin ƙarfe mai kunna albarushi, tun shekarun 1830 da 1840, don haka duk mai ƙanƙara sai an bincika ko daga baya aka sake dasa mata. Shi kuwa da ka nemi waɗannan hotuna sai ya ce akwai wani mai saye yana jira, ka yi sauri.

Ƙaryarsa ta ƙarshe ita ce mafi hatsari. Yana cewa tunda dokar tarayyar Amurka ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, zai iya aika ta har Najeriya ba takarda. Dokar Amurka a Amurka ta tsaya. A Najeriya ko harba-ka-ruga sai da lasisi, kuma sunanka ne a jikin kwalin, ba nasa ba.

Wanda ya riga ya biya ya adana hirarsu da rasit, ya sanar da bankinsa yau, ya kai rahoton shafin. Mai son saye da gaske ya bari masani ya riƙe bindigar da hannunsa tukuna.