Ƙarin kwana a otal ɗin Makka: teburin karɓar baƙi ko layin masu maki?

Alhaji, Allah Ya karɓi Umara. Ka ce ka kama kwana huɗu da maki, wato ladan da kamfanin otal ke tara wa mambobinsa, a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin Jabal Omar da ke kusa da Harami, yau kwananka biyu, sai ga shi an ɗage jirginku na komawa Kano. Kana son ƙarin kwana biyu ba tare da an tashe ka daga ɗakin ba, kuma ka rasa wa za ka tunkara: ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi a ƙasa, ko layin wayar kamfanin da ke ajiye maka maki.

Mutanen nan biyu ba abu ɗaya suke riƙe da shi ba. Na ƙasa ɗaki ne a hannunsa, na waya kuwa maki. Yawancin otal ɗin da ka ga an rubuta Hilton ko Marriott ko Hyatt a goshinsu ba mallakar waɗannan kamfanoni ba ne. Na Jabal Omar ɗin nan, kamfanin Saudiyya ne ya gina su, suna da tsarin gudanarwa aka ɗauko daga waje. Don haka wanda zai ɗauki wayarka, mai yiwuwa yana wata ƙasa can, ba ya ganin komai sai ɗakunan da otal ya saki don sayarwa. In allon gabansa ya ce babu, to a wurinsa magana ta ƙare. Shi kuwa na ƙasa ya san tawagar da za ta wuce Madina bayan asuba, ya san wanda ya kama ɗaki bai zo ba, kuma manajansa na iya matsar da baƙon gobe zuwa wani ɗaki ya bar ka a naka. Ƙari a kan haka, da zarar ka karɓi makulli ka shiga, ajiyar taka, wato kamun ɗakin da ka yi, ta koma ƙarƙashin otal, sau da yawa na waya ba ya iya taɓa ta sai da hannunsu.

In da kuɗi za ka biya kwana biyun, sauka ƙasa kawai. Kafin ka sauka ka buɗe manhajar kamfanin ka ga farashin da ake ba mambobi, domin wani lokaci ya fi wanda za a faɗa maka da baki sauƙi, kuma ka tabbata an liƙa lambarka ta mamba a jikin sabbin kwanakin don su kawo maka maki.

Inda lissafi yake shi ne in da maki za ka ƙara, kuma a nan nake so ka natsu. Marriott Bonvoy, tsarin makin Marriott, na yafe wa kowane mamba dare ɗaya, mafi arha a ciki, in ya kama kwana biyar a jere da maki. Hilton Honors ma na ba da dare na biyar kyauta, amma ga masu matsayin Silver zuwa sama, a ɗaki na gama-gari. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: kwana biyar ɗin su kasance a ajiya guda. Ka ga ke nan, huɗunka na da, da biyu sababbi a ajiya daban, makin kwana shida cur za ka biya. In aka mayar da su ajiya ɗaya ta kwana shida, na biyar za ka biya. Sai dai akwai ƙaya a jikin wannan fure. Marriott ya daina tsayayyen farashin maki tun 2022, Hilton ma ya riga shi, yanzu makin dare yana hawa yana sauka da kasuwa. Buɗe tsohuwar ajiya na iya sa a sake lissafa dukkan kwanakin da farashin yau, kuma farashin Makka na yau ba na watan da ka kama ɗakin ba ne. Saboda haka tambayarka ta farko ga na waya ita ce: in an haɗa, maki nawa za a cire gaba ɗaya? Ya faɗa maka adadi, ka kwatanta da na kwana biyu daban, sannan ka ce masa ya taɓa ko kada ya taɓa.

Wanda ya sauka a Fairmont ko Swissôtel ko Pullman Zamzam da ke ginin agogo, nasa ya fi sauƙi. Makin Accor, kamfanin da ke gudanar da su, kamar kuɗi yake, 2,000 daidai da Yuro 40, ana iya rage shi daga kuɗin ɗaki. Babu dare na biyar, babu kuma wannan ciwon kan.

Zan gaya maka abin da ya same ni, don shi ya sa nake nanata maganar shaida. Wata shekara na kai mahaifiyata Umara, na buga waya na nemi ƙarin kwana ɗaya da maki, wata mata mai ladabi ta ce an gyara, na yi godiya na kashe. Ban jira imel ba. Washegari muka dawo daga sallar isha, Hajiya na kan keken guragu, ƙafafunta sun kumbura, na ɗora kati a ƙofa sai jar fitila. Na sake, ja. Na bar ta a farfajiyar hawa na goma sha ɗaya da gorar Zamzam a cinyarta na sauka. Ma'aikacin ya juyo mini da allonsa na gani da idona: kwanakina sun ƙare tun azahar, ƙarin bai iso gare su ba. Allah Ya taimake mu ba su sayar da ɗakin ba, na biya daren da kuɗi, makin kuma sai da na yi ta bin sa bayan na dawo gida. Har yau in na tuna zaman da ta yi a bakin ƙofar nan raina yana ɓaci da kaina.

In kuwa ta hannun kamfanin jirgin yawo ko Booking.com aka kama maka ɗaki, layin masu maki ba shi da ta cewa, kuma irin waɗannan kwanaki Marriott da Hilton ba sa ba da maki a kansu. Sai dai ka kama ƙarin kai tsaye da otal. A goman ƙarshe na Ramadan kuma, kada ka sa rai sosai ga kowannensu, ka fara neman masauki a unguwar Aziziyya tun kana da sauran kwana.

Da ni ne a matsayinka, yau ɗin nan zan duba manhaja, in akwai ɗaki na kwana biyun in kama shi nan take, mai damar sokewa in ya samu, ba tare da na taɓa tsohuwar ajiyar ba. Da hantsi, lokacin da falon otal ya yi sako-sako, kafin masu shigowa su cika shi da akwatuna, zan sauka in nemi manajan da ke bakin aiki, in ba shi lambobin ajiya biyun in ce a haɗa su a bar ni a ɗakina. In ina son daren kyautar, a gabansa zan buga layin masu maki in miƙa masa wayar su daidaita da juna. Ba zan bar teburin ba sai imel mai sabuwar ranar fita ya shigo, an sabunta mini katin ƙofa, na kuma tambayi nawa za su riƙe a katin banki na jingina, tunda katin naira yana da iyakar abin da yake iya kashewa a waje. Ka duba ranar ƙarewar bizarka ita ma kafin ka biya komai.