Daga Bankok zuwa Tudun Wada: kaya akwai, amma a kula da kwana 90

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarka kan yaron nan da kake son turowa Tailan ya koyi sari. Na ga farashin kaya ne ya fi jan hankalinka, to bari in taɓa shi in wuce, don ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kaya kam akwai. A kasuwannin Pratunam da Bobae za ka ga tufafin yara da na mata da takalma jibge, ɗinki mai kyau, sai dai ba su kai na Sin araha ba, kuma yadda naira ta faɗi, kafin kaya su iso Kasuwar Gumi ribar ta tsuke. Shinkafar Tailan da muka taso muna ci a buhu, ita ma ba ita mutanen nan suke ci ba. Waccan turararriya ce ta fitarwa waje, tasu mai ƙamshi ce mai laushi, akwai kuma mai danƙo da ake ci da hannu. Wuta da wuya a ɗauke ta, a layinmu babu mai janareto. Shagunan 7-Eleven suna kowane lungu dare da rana, a ciki nake biyan kuɗin wuta da na waya. Abincin halal yana samuwa, musamman wajen Nana inda Larabawa suke, amma naman sa da tsada, tsire irin namu kuwa a manta da shi.

Abin da nake so yaron ya haddace tun yana gida shi ne wannan. Dokar shige da fice ta ƙasar, ta 1979, ta ce duk baƙon da ya zauna kwana 90 a jere sai ya sanar da hukuma inda yake kwana, kuma haka zai riƙa yi duk bayan kwana 90. Fom ɗin ana ce masa TM47. Mutanenmu da yawa suna zaton tunda an buga musu izinin zama na shekara guda shi ke nan sun huta. A'a. Izinin zama daban, wannan rahoto daban, kowanne da ranarsa.

Sun ba da ɗan sarari: kana iya kaiwa tun kwana 15 kafin ranar, ko cikin kwana 7 bayanta. Ka wuce haka, tara baht 2,000 (baht shi ne kuɗin Tailan). In kuwa a hanya aka tsare ka aka gano, ta fi haka. Rahoton kansa kyauta ne. A Bankok babban ofishin yana Chaeng Watthana, nesa da tsakiyar gari. Ka karɓi lamba, ka zauna cikin sanyin na'ura kana kallon allo har taka ta fito. In an gama sai a manna maka 'yar takarda a bayan fasfo da ranar dawowa a jiki. Ita ce shaidarka, kada ta ɓace. Ana iya yi ta intanet ko ta gidan waya, amma na farko gara mutum ya je da ƙafarsa.

Wani ɗan uwanmu mai harkar duwatsu masu daraja ya tafi garin Chanthaburi ciniki ya shantake, ya dawo wa'adi ya wuce. Ya fara irin tamu, "a yi haƙuri, a duba mana." Matar da ke kan teburin ta yi masa murmushi, ta nuna masa wurin biya, aka ba shi rasit. Ba tsawa, ba wulaƙanci, ba kuma ragi. Ni dai wannan ya kwanta mini, ko ba komai ka san kuɗinka tun daga gida, ba wanda zai ce ka kawo na goro. Amma wanda ya saba a kira masa wani babba a waya zai sha mamaki.

Akwai tarko biyu. Na farko, in ka fita ƙasar ka dawo, lissafin 90 ɗin yana farawa sabo daga ranar shigowa. Sai dai in ka fita ba tare da izinin sake shiga ba, izinin zamanka na shekara ya mutu a filin jirgi. Kuɗin izinin sake shigar baht 1,000 na shiga ɗaya, 3,800 na shiga da yawa. Mai niyyar zuwa sallah Kaduna ya fara da wannan kafin tikiti. Na biyu shi ne fom ɗin TM30: mai gidan da ka sauka dole ya sanar da hukuma cikin awa 24. In bai yi ba, kai za a mayar daga layi ranar rahotonka. Ga hutun Songkran, bikin sabuwar shekararsu ta gargajiya, a tsakiyar Afrilu da ofisoshi ke rufewa, ga shekarar da ke kan takardunsu ta fi tamu da 543, wato 2025 ita ce 2568 a wajensu.

Kafin ya taso ya nemi takardar wanke kai ta NDLEA da katin rigakafin shawara, ya kuma cike katin shigowa na intanet da aka fara a Mayun 2025. Masauki kuma ka bar mini, zan nemo masa mai gidan da ya saba da baƙi, wanda ba sai an roƙe shi ya yi TM30 ba.